Inda Katakon Mai Lulluɓi Ya Tafi

Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa. Labari ya iske ni har nan Ƙauran Namoda cewa wai na sayar wa masu gawayi jirgin kakanku, wasu kuma sun ce tsufa ne ya taɓa mini kai na sa masa gatari. Bashar, kai ba ka faɗa da bakinka ba, amma tun wannan shekara in ka kira ni a waya gaisuwarka ba ta wuce irin ta maƙwabci. Ban yi fushi ba, don ni na cika muku kunne da labarin jirgin nan tun kuna rarrafe, ni na yi muku alkawarin za ku kawo jikokina su gan shi a kan ruwa. To, ku karanta wannan a tsanake. Gatari kam na sa masa, da hannuna, hankalina garau. Kuma da za a mayar da ni wannan safiya, zan sake ɗaukar gatarin.

Kakanku Alhaji Mamman ya tafi aikin hajji a ƙasa yana saurayi, kamar yadda mutanen da suke yi, yana tafiya yana tsayawa ƙwadago. Da ya kai Sawakin, bakin Bahar Maliya, guzurinsa ya ƙare ƙarƙaf, sai ya kama aiki a jiragen katako masu ƙetarar da alhazai zuwa Jidda. Ba su da inji. Doguwar sanda ce a tsakiya, a ɗaura mata babban zane, iska ta cika shi ta tura jirgi. Can ya koyi kwashe ruwa da jan igiya da toshe tsagar katako da auduga da mai. Ya sauke farali, ya zauna wasu shekaru a Makka, da ya biyo ta Sawakin zai dawo gida sai ya tarar manyan jirage masu inji sun kwashe alhazan duka. Jiragen iska an jawo su tudu an watsar, haƙarƙarinsu a waje kamar mushen shanu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya gane wanda ya yi aiki a ciki, ya iske awaki sun mai da shi wurin shan inuwa. Duk lokacin da ya zo nan a labarinsa sai ya sunkuyar da kai, mu kuma mun san ba a tambayarsa komai sai ya ɗago kai.

Ƙauyenmu yana bakin gulbin Bunsuru, tsakanin Zurmi da Shinkafi. A wancan zamani in damina ta kankama, da manyan goruna ake fito: mutum ya rungumi gora, mai fito ya ja shi. Babu shekarar da gulbi ba ya cin wani. Shekarar da Alhaji ya dawo gulbin ya ci wata mata da goyonta, yana tsaye a gaɓa yana gani. Da rani ya shiga sai ya kayar da maɗatai, ya fafe katako, ya yi haƙarƙarin jirgi da ƙirya don gara ba ta cin ta, ya zo nan Ƙaura ya sa maƙera suka buga masa ƙusoshi ya kai gida a kan jaki. Mahaifiyarmu ta haɗa sawayen saƙa ta ɗinka masa zanen iskar. Ranar da ya ɗaga shi gari ya fito kallo, aka yi ta dariya, wani tsoho ya ce bai taɓa ganin jirgi da lulluɓi ba sai yau. Sunan ya bi shi ke nan: Mai Lulluɓi.

Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta yi wa kakanku daɗi ba: lulluɓin nan yawancin lokaci ado ne. Gulbinmu ba teku ba ne, kafin iska ta gama shawara gwangwalar tura jirgi ta riga ta kai mu ƙetare. Amma in ruwa ya yi yawa fadama ta cika ta zama shimfiɗa ɗaya, ranar Alhamis 'yan kasuwar Shinkafi sun cika jirgi da buhuna da kaji, iskar damina ta taso daga yamma, sai Alhaji ya ce mu ajiye gwangwala. Ni da ƙanena Garba mu ja igiya, zanen ya buɗe ya yi ciki, jirgi ya kama tafiya shi kaɗai ba motsin kowa. Mata su yi ta salati, maza su yi kamar ba su ji tsoro ba. Alhaji yana zaune a baya riƙe da matuƙi, bakinsa har kunne. Ban taɓa jin daɗi irin na waɗannan ranaku ba, har yau da furfurata. Kuma tun da jirgin nan ya hau ruwa, gulbi bai sake cin kowa a mashigarmu ba.

Sai aka yi gada. Ba na zagin gada, alheri ce, motar da ta kai ni makarantar horon malamai ta kanta ta bi. Amma daga ranar fito ya mutu. Kwale-kwalen da ke sauran mashigai duk na ga ƙarshensu: ɗaya ya zama kwamin shayar da shanu, ɗaya ya tafi murhu, ɗaya yashi ya binne shi har yau. Alhaji kuwa ya ci gaba da abin da ya saba, da rani ya tona yashi mai danshi ya binne cikin jirgin don kada rana ta tsattsage shi, da damina ya tone shi ya ɗaure a gaɓa, babu mai hawa. A ciwonsa na ajali ya kira ni da Garba, ya kama hannuna don ni ne babba.

"Isa, kak ka bari shi mutu bisa tudu awa waɗancan na Sawakin. Ka jiya?"

"Na jiya, Baba."

"Ba ji nika so ba. Ka ɗauka."

Na ce na ɗauka. Bayan rasuwarsa muka haɗa shanun noma muka jawo jirgin har bayan gida, ƙarƙashin tsamiya, na yi masa rumfa. Duk shekarun da na yi ina koyarwa a Ƙaura, ba na dawowa hutu ban shafe shi da man kaɗanya ba. Masu gawayi sun zo neman ƙiryar, kafintoci sun zo neman maɗacin, wani mai kuɗi ya so ya yi ƙofofin gidansa da shi. Duk na ba su ruwa suka sha, na raka su bakin hanya. Mahaifiyarku Hassi ta sa masa suna babban ɗana.

"Malam, ga babban ɗanka can shina jiran mai. Shi dai bai noma, bai zuwa aike, sai cin man miyata."

Da na yi ritaya na koma gida da niyya guda: in gyara shi tsaf in mayar da shi ruwa, ko sau ɗaya, ku zo da yaranku. Zanen da Innarmu ta ɗinka ɓeraye sun gama da shi tuntuni, na sa aka saƙa sabo. Na sauya katakon da ya ruɓe, na bi tsaga ɗaya bayan ɗaya da auduga. Garba, duk da ciwon bayansa, yakan zo ya riƙe mini kurfi yana yi mini tsiya cewa malamin makaranta bai iya riƙon guduma ba. Tun muna yara ni da shi akushi ɗaya muke ci a zaure, kuma har lokacin ba mu fasa ba. Aiki ya yi nisa, saura gefe guda da gindin sanda, muka ce da yardar Allah daminar da ke tafe zai hau ruwa.

A wannan shekarar ce ɓarayin daji suka matso mana. Kun ji a rediyo, kun yi ta kira kuna cewa mu taso, ba sai na maimaita muku ba. Gonakin nesa muka fara bari, sannan na tsakiya, har ya zama ba mai wuce inda ake jin kiran salla. Itacen da ke kusa da gari mata suka gama da shi a murhu. Akwai wani abu kuma da rediyo ba ta faɗa, ku da kuka tashi a birni ba lalle ku yi tunaninsa ba. In an sa mamaci a ɗan ramin ciki na kabari, ba a zuba masa ƙasa a jiki. Sai an jera itace a gicciye an rufe shi, an toshe da ganye da laka, sannan ƙasa ta biyo. A da in an yi rasuwa, samari biyu su ɗauki gatari su shiga daji, kafin a gama wanka sun dawo. In itace ya yi wuya a yi da fasassun tukwane, to amma wa ke da tukunyar ƙasa yanzu? Duk gidaje roba ce da dalma. Mutuwa ta yi yawa a gari, itacen rufe ta kuma yana can inda masu kawo ta suke.

Wata tsohuwa a unguwarmu ta rasu, mutuwar Allah da Annabi, a kan tabarmarta. Maza biyu suka shiga daji neman itacenta, ɗaya ya dawo. Da hantsi aka je aka ɗauko ɗayan, magidanci mai 'ya'ya ƙanana. Itacen da aka samo ya rufe tsohuwar, shi kuma ga shi kwance a makara, an yi masa salla, kabari a tone, babu abin rufewa. Ina ƙarƙashin tsamiya ina duban jirgi don ban san inda zan sa idona ba, sai na ga Lawali, babban ɗan Garba, ya fito da gatari a kafaɗa. Matarsa tana da tsohon ciki a lokacin.

"Lawali, ina za ka?"

"Baba, ba a barin mutum ga rana. Nan kusa za ni, ba ni daɗewa."

"Wancan ma kusa yac ce."

Ya sunkuyar da kai, amma bai sauke gatarin ba. Na san jinin gidanmu, in na juya baya zai tafi. Hassi tana bakin ƙofar cikin gida da tsintsiya a hannu, ta ji komai. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, Baba ya yi jirgin ga don kada gulbi shi ci mutane. Yanzu gulbi ya bari. Daji ka cin su."

Ta koma ciki ta bar ni da maganar. Ba zan ce muku ban taɓa tunanin ba kafin ta faɗa. Na yi, tun da aka shigo da gawar, na kore shi kamar yadda ake korar ƙuda. Na miƙa hannu na ce wa Lawali ya ba ni gatarin. Ya ɗauka hana shi kawai zan yi, ya miƙo mini. Da ya ga na nufi jirgi sai ya ruga ya kira ubansa. Garba ya zo da gudu irin na mai ciwon baya, ya shiga tsakanina da jirgin ya buɗe hannuwa.

"Yaya, ka yi hauka? Damina na tahe. Ran da mutanen ga sunka tare gada, da mi za mu hita? Wanga jirgi shi kaɗai ag gare mu. Masu rai sun hi matattu buƙata tai."

"Don masu rai nika yi, Garba. Ɗanka na nik karɓe ma gatari."

"To a hana kowa zuwa. A ruhe shi da zana, da kara, da komi."

"Kara ka ɗaukar ƙasa? Yau ka hana, gobe in uwar wani ta mutu ɗanta na jin ka?"

"Kuma alkawalin Baba hwa? Gabana kad ɗauka."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ya faɗa. Maganar gada ma gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma na auna: ranar tare gada wataƙila ta zo, wataƙila ba ta zo ba, mutuwa kuwa tana zuwa kowane mako, kuma kowace gawa tana iya jan wani mai rai zuwa daji. Na ce masa alkawari ni na ɗauka, ni zan amsa shi gaban Allah da gaban Baba, ya matsa. Ya dube ni ya daɗe, ya tofar da yawu gefe, ya tafi. Na fara da gefen da na gama gyarawa, don shi ya fi ƙwari. Saran farko sai da na ji shi a haƙorana. Na ɓamɓare katako, na zare ƙusoshin maƙeran Ƙaura ɗaya bayan ɗaya na zuba a kwano, don ban so a kai ƙarfe kabari ba, na yanka da zarto daidai faɗin rami. Ina yi ina kuka, ba na ɓoye muku, Lawali yana kwasa yana kaiwa maƙabarta. Kafin azahar an rufe bawan Allah.

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a masallaci na ce ina da magana. Na ce daga yau duk wanda aka yi wa rasuwa ya zo bayan gidana. Ba na sayarwa, ba na ba da na murhu ko da tsinke ne, kuma duk wanda ya sake shiga daji don itacen kabari alhali Mai Lulluɓi yana da sauran katako, ban yafe masa ba. Liman ya ce jama'a sun ji. Haka aka yi ta zuwa. Mutum ya yi sallama ya tsaya, ba sai ya ce komai ba, in ɗauki zarto. Har daga ƙauyukan wajen Dauran an zo da amalanke. Gefe ya tafi, ɗaya gefen ya bi shi, sandar zanen ta tafi, daga baya na shiga haƙarƙarin ƙirya, wadda sai da ta cinye mini zarto biyu. Wasu da na rufe da katakon nan, ina yaro na ja igiya suna zaune a cikinsa za su kasuwa. Tun daga ranar kuma ba wanda ya sake mutuwa a garinmu wajen neman itacen rufe wani. Wannan ita ce ribata, ba ni da wata.

Garba kuwa ya daina zuwa zaure. Hassi ta ci gaba da zuba tuwon mutum biyu a akushi, ya kwana ya zama ɗumame. In mun haɗu a masallaci ya ba ni hannu kamar baƙo. Ya fi saran gatarin ciwo, amma ban je ba shi haƙuri ba, don ba zan ce na yi kuskure ba alhali ban yi ba. Abu ɗaya na yi wa kaina: na ware 'yan guntaye na maɗaci daga inda Alhaji yake zama riƙe da matuƙi, daidai na kabari guda, na ɗaure da igiya na sa a ƙarƙashin gado. Na ce wannan nawa ne.

Sai ranar da Garba ya faɗa ta zo. Tsakiyar damina, gulbi ya cika ya batse, aka wayi gari da labarin sun tare gada kuma suna tafe. Gari ya watse zuwa tsohuwar mashiga. Jirgin da zai kwashe mu da hatsinmu a sawu kaɗan, ƙashin bayansa kawai ya rage a ƙarƙashin tsamiya. Aka koma gidan jiya: goruna, jarkoki, igiya daga gaɓa zuwa gaɓa. Na ɗauro damin katakona a kan jarka biyu, Hassi ta rungume shi na ja ta muka ƙetare. Kada wani cikinku ya ce ai ga shi alkawari ya cika, jirgi ya hau ruwa. Bai cika ba, guntaye ne. Allah ya kiyaye ba a rasa rai a ruwan ba, amma rumbunanmu da dabbobinmu duk can muka bar su. Garba ya ƙi fita daga gulbi sai da ya ga an ƙetarar da matar Lawali da jaririnta da sauran yara, yana tsaye ruwa iya ƙirji yana riƙe da igiya tun safe har rana ta take. Da ya fito yana rawar sanyi ya wuce ta gabana, ya dube ni, ya kau da kai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sanyin nan bai sake shi ba. Muka zo Ƙaura muka raɓa a gidan da na zauna lokacin koyarwa, nan bayan tasha inda tsofaffin taragun jirgin ƙasa suke tsatsa. Tari ya kama shi, aka yi asibiti aka yi na gida, kullum jiya ta fi yau. Don haka in kun ce da jirgin yana nan da baffanku bai shiga ruwan ba, ban musa muku ba. Na faɗa wa kaina haka fiye da yadda za ku iya faɗa mini. Amma Lawali yana nan da ransa, ɗansa har ya fara tafiya, da wasu samarin da ban san ko su waye ba, su ma ba su sani ba, don ba a sanin wanda daji zai ɗauka sai ya ɗauka. An ba ni zaɓi tsakanin asara biyu, na zaɓi wadda zan iya ɗauka, kuma ina ɗauke da ita.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu ya aiko Lawali ya kira ni. Na shiga na zauna a bakin tabarma. Rabon da ya yi mini magana ta kirki tun ranar gatari. Ya rame har ban so in dube shi ba.

"Yaya, katakon ga na da saura?"

"Ya ƙare. Sai wanda niy aje ma kaina."

"Na wurin zaman Baba?"

"Shi."

A Ƙaura ba a rasa itacen kabari, a bakin maƙabarta ma ana samu. Ya sani, na sani. Ya yi tari ya huta, sannan ya yi ɗan murmushin tsiyar nan tasa da na yi kewa.

"To kai dai kullum kai ag gaba. Wagga karon na riga ka. Ka kawo shi."

Da shi muka rufe Garba. Ni na shiga ramin na jera da hannuna, guntu bayan guntu, ya zo daidai ba ragi.

Abin da ya rage na Mai Lulluɓi shi ne kwanon ƙusoshi, Hassi ta riƙo shi a ƙullin zanenta ranar gudu ban ma sani ba. Yana cikin akwatina. Ku raba tsakaninku, kowa ya nuna wa 'ya'yansa, ya gaya musu kakansu ya ga teku, ya kuma gaya musu inda katakon ya tafi. Ni kuwa ba ni da sauran tanadi. In tawa ta zo, a nan ko a gida in Allah ya mayar da mu, ku rufe ni da duk abin da hannunku ya kai, tsohon ƙyaure ma ya isa. Amma ko da za a bar ni a rana har la'asar, kada ɗayanku ya ɗauki gatari ya shiga daji saboda ni.